Rumbun Jiragen Ƙasa

A ƙauye ba a yi wa rumbu kirari. Ana yaba manomi da yawan dami, ana zuwa kallon gonar da gero ya yi kai, makaɗa ma ranar gayya gwanin noma suke wasawa. Amma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san aikin damina bai zama nasa ba sai ranar da damin ƙarshe ya shige rumbu aka kifa jinka. Kafin wannan rana, abin da ya tara a bakin gona na kowa ne. Gara na da rabo, ɓera na da rabo, awakin maƙwabta na da rabo, ruwan ƙarshen damina da ke zuwa ba sallama shi ma yana da nasa.

Irin wannan lissafi ne ya hau kan masu riƙon tsofaffin jiragen ƙasa a Birtaniya. Yawancinsu 'yan sa-kai ne, daga tsofaffin ma'aikatan jirgi zuwa malaman makaranta da kafintoci da 'yan fansho, waɗanda ke karɓar layin dogo da aka rufe ko ake shirin rufewa, su ci gaba da tafiyar da jirgin tururi a kansa don masu yawon buɗe ido. Sun fara da layin Talyllyn a Wales a 1951, sai layin Bluebell a kudancin Ingila a 1960. Da hukumar jiragen ƙasa ta yi ban kwana da tururi a 1968, dubban kawunan jirgi sun riga sun faɗa hannun 'yan gwangwan. A garin Barry da ke gaɓar teku, wani dillalin ƙarafa mai suna Dai Woodham ya sayi 297, amma ya shagala da yanka taragan kaya saboda sun fi sauƙin aiki, ya bar kawunan jere a fili. Daga 1968 zuwa 1990, ƙungiyoyi suka riƙa zuwa suna fansar su ɗaya bayan ɗaya har aka ceto 213, wasu bayan sun sha iskar gishiri shekara ashirin.

Kaka ce ta gaggawa, kowa ya ɗebi abin da hannunsa ya kai gare shi. Ba na ganin laifinsu. Wanda ya ce sai ya gina rumfa kafin ya saya, kafin ya kafa ginshiƙi an riga an yanka abin da yake nema. Sai dai an kawo kayan gida ne aka jere su a layukan gefe, a ƙasar da ruwan sama ba shi da wata, ba shi da rana, aka ce ai za a gina wurin ajiya nan gaba. Nan gaban ya ɗauki wasu shekara talatin, wasu kusan hamsin.

Sai mutum ya matsa kusa da tarago zai gane yadda ruwa ke cinsa. Tsofaffin taragan fasinja jikinsu katako ne, rufinsu alluna ne da aka shimfiɗa wa zane mai kauri aka shafe da fenti. Rana ta buga, sanyi ya buga, fentin ya ɗan tsage wurin da ko farce ba zai shiga ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa zai ratsa zanen, ya kwanta tsakaninsa da allo, ya gangaro ta bayan ɗan indararon da ke gefen rufi, ya bi ginshiƙin katako har gindinsa, inda ba iska, ba haske. Wani ruwan kuma ta taga yake bi, musamman tagar ƙofa da ake saukewa cikin jikin ƙyaure, ya taru a ƙasa idan ramin fitarsa ya toshe da datti. Daga waje tarago yana ƙyalli, fasinja na ɗaukar hoto, amma idan kafinta ya caka tsinin sukurdireba a gindin ginshiƙi sai ya nutse ba gardama. Taragan katakon tik da aka shafa wa banish hawa-hawa sun fi kowa shan wahala, domin da banish ɗin ya ɓare, katakon baƙi yake yi, kuma wannan baƙi ba ya fita da wanki. Na ƙarfe ma da aka fara ƙerawa daga 1951 ba su tsira ba, tsatsa na kama su ta kewayen tagogi da ƙarshen jiki, ta ciki take farowa.

Kan jirgi kuwa nasa daban ne. Tukunyarsa tana da wa'adi, bisa al'ada shekara goma, bayan haka dole a sauke ta a duba ta ciki da waje, a gyara, kafin a sake hura mata wuta. Gyaran na cin kuɗi masu yawa, ma'aikata kaɗan ne, don haka kan da wa'adinsa ya cika sai ya bi layi, kuma layin kan kai shekaru goma ko fiye. A wannan zaman jira ake yin asara. Tsakanin tukunya da farantin da ya lulluɓe ta akwai bargon riƙe zafi. In ya jiƙe ba ya bushewa da wuri, sai ya rungume tukunyar da danshi, tsatsa na aikinta inda ido ba ya gani. Ruwan da ya faɗa ta bututun hayaƙi yana haɗuwa da toka da kunkunniya ya zama abu mai cin ƙarfe. Idan hunturu ya zo, ragowar ruwan da aka manta cikin siraran bututu ya daskare ya fasa su. Injin da aka ajiye yana neman gyaran tukunya kawai, ranar da layi ya zo kansa sai a tarar yana neman gyaran komai.

Dabarar farko da kowa ke yi ita ce tampol, kamar yadda manomin da bai shirya ba ke ja wa tarin dawarsa leda ya danne da duwatsu. Kwana biyu abin na yi. Amma duk wadda ta taɓa buɗe irin wannan tari bayan mako uku ta san warin da ke tarbar ta: hatsin ya yi gumi, na ƙasa ya yi fumfuna. Tampol yana hana ruwan sama shiga, yana kuma hana danshin ciki fita. Iska ta kaɗa shi ya yi ta gogar fenti har ya cinye shi a kusurwoyi, daga baya ya yage, ruwa ya shiga ta yagar ya rasa hanyar fita. Ga shi mai ziyara da ya biya kuɗinsa don ganin tarihi, abin da zai fara gani daga taga jerin kaya ne a ƙudundune.

Babbar asarar ma a wurina ba katako ba ce, ba ƙarfe ba ce, gumin mutane ne. Gyaran tarago guda na katako yakan ci 'yan sa-kai shekaru, wani har goma, suna zuwa Asabar da Lahadi. Idan layi yana da taragai hamsin, ma'aikatarsa kuma 'yan kaɗan take iya fitarwa a shekara, to kafin a kai kan na ƙarshe na farko ya koma gidan jiya. Ana ta noma, rumbu babu. Dattijon da ya ba da ƙarshen ƙarfinsa wajen goge allunan tarago, shi ne zai tsaya a dandamali ya ga ruwa na sauka a kan aikinsa.

To me ya sa aka daɗe ba a gina ba? Saboda rumfa ba ta da farin jini. A ce za a tayar da wani shahararren kan jirgi, nan da nan mutane za su buɗe aljihu, don suna son su ji kukansa, su ga hayaƙinsa. A ce za a kafa ginshiƙan ƙarfe a ɗora kwano, sai kowa ya kau da kai. Abin ya fara sauyawa ne bayan 1994, lokacin da aka kafa asusun kula da kayan tarihi da ke samun kuɗi daga cacar ƙasa ta Birtaniya. Mu dai a wurinmu tushen kuɗin abin tattaunawa ne, su kuma a can da shi aka rufa wa kayan tarihi da yawa asiri.

Layin Severn Valley, mai tsawon mil 16 tsakanin Kidderminster da Bridgnorth, yana cikin waɗanda suka fara cin gajiyar. An sake buɗe shi a 1970, amma sai a 2000 ya samu rumfar taragai a Kidderminster, mai layi huɗu, tsawonta kusan mita 300, tana ɗaukar taragai sama da 50. Tsawon ba almubazzaranci ba ne. Tarago ɗaya kusan mita 20 ne, kuma so ake jirgi ya shiga a haɗe yadda ya dawo aiki da yamma, ya fita a haɗe da safe. Daga baya suka gina wa kawunan da ke jiran gyara nasu gidan a Highley, inda jama'a ke shiga su zagaya su, domin asusun ba ya ba da kuɗi sai an nuna yadda jama'a za su amfana. Abin mamaki, ruwan da ake gudu shi ya jinkirta buɗe gidan. A watan Yunin 2007 aka yi mamakon ruwa da ya lalata layin a wurare 45, hanyar kai kawunan ta yanke, sai a watan Maris na 2008 aka buɗe.

Ginin kansa, in aka duba, ƙa'idojin magina rumbu ne. Ba a ɗora rumbu a kan ƙasa, sai a kan duwatsu, don danshi da gara. Haka rumfar jirgi, kafin a yi maganar rufi sai an gama da magudanar ruwa, domin rumfa mai tsawon haka ruwan da take tarawa a sama ba kaɗan ba ne, in bai samu hanya ba ƙarƙashin dogo zai koma. Sannan iska. Rumbun da aka toshe ruf ba ya riƙe hatsi lafiya. Tarago ya shigo a jiƙe, kwano ya yi sanyi da dare, tururin ya taru a sama ya riƙa ɗigowa, an gudu ba a tsira ba. Shi ya sa ake barin kafofin iska a sama da gefe. Sai kuma tsarin shiga da fita: abin da aka fara zubawa a rumbu shi ne ƙarshen fita, kuma a layin da ke da ƙofa ɗaya, taragon da ke can ƙurya ba zai fito ba sai an janye duk na gabansa. Ga filin da rassan layi ke ci kafin su kai bakin ƙofa, ga izinin hukumar gari, ga maƙwabta da ba sa son dogon bangon kwano a bayan gidajensu.

Akwai kuma wuta. Mai hankali ba ya kafa rumbunsa kusa da madafa, kuma ba ya son duk abincin shekara ya kwana wuri guda. Tara kaya ƙarƙashin rufi ɗaya na nufin rana ɗaya za ta iya tafiya da su duka. A watan Oktoban 2005 gobara ta tashi a wata rumfar kawunan jirgi a Nuremberg ta Jamus ta ƙone kayan tarihi masu yawa. A watan Fabrairun 2003 dusar ƙanƙara ta rusa rufin gidan tarihin jiragen ƙasa na Baltimore a Amurka a kan abin da yake karewa. Saboda haka ba a haɗa kan jirgi mai wuta a ciki da taragan katako, kowanne da wurinsa.

Ɓera mai ƙafa biyu ma yana nan. Kayan tagulla da jan ƙarfe na kan jirgi kuɗi ne a kasuwar gwangwan, wasu kuma ɓarna kawai ke kawo su. A watan Yulin 2017 wasu suka shiga taragan katakon tik na layin North Yorkshire Moors da ke ajiye a fili a Pickering, suka farfasa tagogi da fitilu. Wannan layi tun 1973 yake aiki, taragansa na kwana a waje, sai bayan 2020 ya samu rumfa mai ɗaukar 40 a garin.

Inda kwatancen ya gaza shi ne iri. Manomin da ruwa ya ci wa dami zai yi baƙin ciki, ya ci bashi, amma baɗi zai sake shuka. Taragon da aka ƙera zamanin Sarauniya Biktoriya ba shi da iri. A tsibirin Wight, inda aka buɗe wa irinsu gidan ajiya a Havenstreet a 2014, da yawa daga cikin tsofaffin taragan an samo gangar jikinsu ne a gonaki da bakin teku, inda mutane suka mayar da su ɗakunan hutu ko wurin ajiyar kaya.

Kuma ba a taɓa gina rumfar da ta ɗauke komai ba. Ranar da aka gama ta, ranar rigima ke farawa. Masu tafiyar da layi na son taragan da ke ɗaukar fasinja kullum su shiga, don su ke kawo kuɗin kwal da albashi. Masu kishin tarihi na cewa a shigar da wanda ya fi tsufa, wanda babu irinsa a duniya, ko da ba zai sake ɗaukar kowa ba. Ƙungiyar da ta sayi nata taragon da kuɗinta tana cewa ita ma ta ba da gudummawar gini. Ni na fi karkata ga wanda babu irinsa, domin na aikin kullum ana ganinsa, ana wanke shi, ana lura da tsagar rufinsa da wuri, shi kuwa wancan in ya koma ƙarshen layin gefe ba mai sake leƙa shi. Amma mai riƙe da littafin kuɗi zai ce in taragan aiki suka lalace jirgi ya tsaya, rumfar ma ba za a iya biyan kuɗin wutarta ba, kuma a yawancin layukan maganarsa ake bi.