Ranar Fasa Dila a Narayi

Da yamma, idan ma'aikata suka fara sauka daga Keke Napep a Narayi, masu gwanjo sun riga sun shimfiɗa buhuna a bakin titi. Wanduna a nan, rigunan yara a can, jaket rataye a jikin katanga. Yawancin masu tallan ba su da ƙarfin sayen dila sukutum. Sarowa suke yi daga manyan dillalai, a Kasuwar Barci ta Tudun Wada ko kasuwar Litinin ta Kakuri, su ɗora 'yar riba.

Dilar kuwa ta sha tafiya. A Turai, Amurka ko Sin ake ɗaure ta, kuma da yake tsofaffin tufafi na cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, akasari ta Kwatano take biyowa. Da dala ake sayenta, shi ya sa tun da aka saki naira a 2023 gwanjon ma ya fara fin ƙarfin talaka. Abin takaici, Kakurin da ake zuwa sarin kwancen Turawa ita ce unguwar masaƙu: masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002.

Mai ƙaramin ƙarfi da ke son kaya mai ƙarko, ranar fasa dila yake nema. Wanda ya zo da wuri shi ke zaɓen lamba ɗaya, na baya ya tarar da tarkace. Matan Narayi sun ƙware. Za ka ga mace ta ɗauki riga, ba ta ko kalli adonta ba ta juya cikinta waje. Ta ja ɗinkin hammata ta ga ko zai buɗe baki, ta duba wuya, ta ɗaga ta a rana don ƙananan huji su bayyana, ta murza yadin a tafin hannu. Auduga mai nauyi ta fi roba mai sheƙi, wadda zafin watan Maris zai mayar da ita azaba. In wando ne, tsakanin cinyoyi ake fara dubawa, nan yake mutuwa. Zik da maɓalli ba abin damuwa ba ne, tela na kusa.

"Mama, wannan ko a shago ba ki samu," in ji yaro mai kayan.

"To kai shi shagon mana. Nawa gaskiya?"

Ya ce albarka, ta yi kamar za ta wuce, ya kira ta.

A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne sayen sabuwar riga mai araha don gudun a ce an sa gwanjo. Wanki uku ta koɗe. Masu wayo kuma ba sa sayen rigar sanyi a Disamba, lokacin da hunturu da Kirsimeti suka haɗu suka ɗaga farashi. Sai bazara, sa'ad da mai kaya ke neman kuɗin sabon sari.