Shiri na Musamman: Baƙin Tsuntsaye a Gaɓar Tafkin Kainji

Yau mun leƙa gaɓar tafkin Kainji, daga Shanga zuwa Yelwan Yauri har Wara ta ƙasar Ngaski, inda a farkon bazara wasu baƙi ke haramar tafiya, wasu kuma suna tafe.

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwan nan yakan cika da hunturu, ya soma ja da baya idan zafi ya kama. Inda ya janye sai ya bar taɓo maƙil da tsutsa da ƙwari. Wannan ne guzurin tsuntsayen da suka guje wa sanyin Turai tun da kaka. A Maris da Afrilu ba su da aiki sai ci da tara kitse, domin Sahara na gabansu, tafiyar kusan kilomita 2,000 ba ci ba sha.

Ka yi sammako ka gani da idonka. Ga tsattsewar Turai mai jan maƙogwaro tana shafar ruwa. Ga ɗan tsuntsu mai rawayan ƙirji yana bin ƙafafun shanu, yana kaɗa wutsiya. Can sama kuwa, shaho mai kamun kifi zai tsaya cik yana fiffika, ya faɗo da ƙafafu a gaba, ya tashi da kifi, kan kifin yana duban inda ya nufa. Suna wucewa sai ga shamuwa daga kudancin Afirka, manomi ya san gyaran gona ya yi.

Mai ɗaukar hoto ya yi sa'a, don Yelwa da Wara suna gabas da ruwa: da hantsi rana na bayanka, haske na kan tsuntsu. Durƙusa, ka yi shiru, ka bari ya matso da kansa. Duk tashin da ka sa ya yi, guzurinsa ka rage masa. Ka kuma nemi shawarar mutanen yankin, Sarkawa da Gungawa, su suka san makwancin kowane tsuntsu. In za ka shiga kwalekwale, kada ka manta da rigar ceto.

Duniya ta san darajar wurin nan, domin a 2008 aka sa tsibiran Foge na tafkin nan cikin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar. Saura mu. Ka rubuta rana da wurin da ka ɗauki kowane hoto. Idan ka ga zobe a ƙafar tsuntsu, ka ɗauki lambarsa ka sanar da masu bincike, irin na cibiyar APLORI da ke Jos. Da haka ake gane hanyoyinsu. Yara kuma a ja musu kunne kan danƙo, don baƙo amana ne har ya koma gida lafiya.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah Ya ba mu damina mai albarka, sai wani makon.