Fararen Ƙwayoyi a Cikin Jinin da Ake Ƙara wa Majiyyaci

Duk ɗalibin da ya taɓa leƙa madubin likita a ɗakin kimiyya ya san jini ba jan ruwa ba ne kurum. Akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iska ko'ina a jiki, akwai kuma farare, watau dakarun da ke yaƙi da cuta. To, in za a yi wa mutum ƙarin jini, jajayen ake bukata, amma fararen su ma sai su bi ayari, fiye da miliyan 1,000 a leda guda. Baƙi ne kuwa, jikin majiyyacin bai san su ba.

A 1973 waɗansu masana biyu a Amurka, Gerhard Opelz da Paul Terasaki, suka lura da wani abin mamaki. A da likitoci suna gudun ƙara jini ga mai jiran dashen ƙoda, don kada jikinsa ya ƙi ƙodar. Ashe waɗanda aka ƙara wa jinin, su ƙodarsu ta fi daɗewa tana aiki! Baƙin ƙwayoyin nan ne suka sanyaya wa dakarun mai jikin gwiwa, har suka ƙyale ƙodar. Daga nan aka riƙa ƙara musu jini da gangan, sai da sababbin magunguna suka fito bayan 1980 aka daina.

Amma fa ku duba, dakarun da suka ƙyale ƙoda, ai suna iya ƙyale ƙwayar cuta. Nan hatsarin yake ga wanda aka yi wa fiɗa, ga rauni ɗanye. A 1998 aka buga sakamakon wani gwaji a Leiden ta ƙasar Holan, kan mutanen da aka yi wa aikin zuciya: waɗanda aka ba jinin da aka tace sun fi tsira da rai. Batun cewa ƙarin jini yana sa ciwon daji ya dawo kuwa, likitoci sun daɗe suna gardama a kai, gama mai jin jiki ƙwarai shi aka fi ƙara wa jini tun farko.

Dabarar ba wuya. Akan bi da jinin ta wani mataci mai kama fararen ya saki jajayen, har abin da zai rage bai kai miliyan 5 ba. Wannan yana rage zazzaɓi da makyarkyatar da kan kama mutum lokacin ƙarin jini. Tun 1999 Ingila take tace dukan jinin da ake bayarwa, ko da yake tsoron ciwon haukan shanu ne ya sa ta fara.