Ko Kun Sani? Tsohuwar A-kori-kura Na Iya Komawa Injekta

A Amurka, kamfanin Chevrolet ya fara sa wa manyan motocinsa na a-kori-kura injekta a 1987. Masu tsofaffin motocin da suka fito kafin nan da yawa suna cire kafireto su ɗora injekta a gurbinsa, ba tare da sun canja inji ba.

Kafireto da zuƙar iska yake jawo fetur, shi ya sa mota ke gardamar tashi da sanyin asuba. Injekta kuwa ƙaramar kwamfuta ce ke auna mata mai. Wata na'ura da ake ɗaurawa a bututun salansa tana shinshina hayaƙi, kwamfutar kuma ta daidaita haɗin a kan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi.

Babban aikin yana wajen famfon mai. Matsin da bai wuce psi 7 ba ya ishi kafireto, amma injekta irin su Holley Sniper na buƙatar kusan psi 60. Dole bakanike ya sa famfon lantarki da tiyo mai jure matsi, domin yoyon fetur kusa da inji mai zafi gobara ce.