Lexus LX, Range Rover ko Escalade: Abin da ke raba manyan motocin alfarma

A bakin mutane duk sunansu ɗaya, jif. Amma Lexus LX da Range Rover da Cadillac Escalade da Mercedes GLS, waɗanda sabuwar kowace kan lashe kusan dala dubu 100 a kasuwar Amurka, wasu ma fiye, ba don rayuwa iri ɗaya aka ƙera su ba. Wata an tsara ta ne don ta kwashi iyali da kayansu a shimfiɗaɗɗun titunan Amurka, wata don ta shiga sahara ta fito lafiya, wata kuma don gudu babu ƙara a manyan hanyoyin Turai. Wanda ya zaɓa da ido kaɗai yakan gane bambancin ne bayan shekara biyu ko uku, a garejin bakanike.

Bambanci mafi girma yana ƙarƙashin motar, inda mai saye bai cika leƙawa ba. Kaso na farko su ne waɗanda ake ɗora bodinsu a kan shasi na ƙarfe mai siffar tsani, kamar yadda ake gina motocin ɗaukar kaya. A nan Toyota Land Cruiser 300 take, da 'yar'uwarta Lexus LX, da Escalade, da Lincoln Navigator, da kuma Infiniti QX80 wadda asalinta Nissan Patrol ce. Kaso na biyu su ne waɗanda bodi da shasi a haɗe suke, abu guda, kamar ƙananan motoci: Range Rover da GLS da BMW X7.

Shasi mai zaman kansa shi ke shanye duka da murɗewa idan hanya ta lalace, kafin su kai ga bodi, kuma ya fi jure nauyi. Kuɗin da ake biya a kan haka shi ne ƙarin nauyi da ɗan rangaji a kwana. Haɗaɗɗen bodi kuwa ya fi natsuwa a kwalta, ya fi shiru, ya fi biyayya ga sitiyari. Wannan ba ya nufin Range Rover ba ta iya daji. Kamfaninta ya ce tana ratsa ruwa mai zurfin santimita 90, alhali Land Cruiser 300 a 70 ta tsaya. Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce wace ce za ta maimaita irin wannan tafiya shekara goma, kuma wa zai gyara ta idan ta gaza.

Injuna sun sauya, tsohon suna bai isa hujja ba

Martabar da Lexus take da ita a wajen masu hali a Najeriya an gina ta ne a kan LX 470 da LX 570. Ta biyun tana da inji mai silinda takwas, lita 5.7, wanda ba ya ɗauke da na'urori masu yawa, kanikawa kuma sun san shi ciki da waje. A 2021 Toyota ta ajiye wannan inji. Land Cruiser 300 da LX 600 sun zo da silinda shida da tarbo biyu, wato na'urorin da ke cusa iska cikin inji don ƙaramin inji ya yi aikin babba. Ƙarfi ya ƙaru daga doki 383 zuwa 409, shan mai ya ragu, sai dai injin ya fi zafi, ya fi son baƙin mai mai kyau da sauya shi a kan lokaci. Nissan ma ta bi wannan hanya a sabuwar Patrol da ta ƙaddamar a Abu Dhabi a 2024. Navigator ta riga su. Escalade ce ta riƙe silinda takwas, lita 6.2, mai ƙarfin doki 420. Range Rover kuma injinta mai silinda takwas na yanzu daga BMW take sayo shi.

Ko waɗanda ake yi wa kallon ba sa lalacewa sun yi tuntuɓe. A watan Mayun 2024 Toyota ta yi kiranyen motoci kusan dubu 102 a Amurka, Tundra da Lexus LX na 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin inji lokacin ƙira, daga baya ta ce za ta sauya injunan gaba ɗaya kyauta. A watan Afrilun 2025 General Motors ta kira kusan motoci dubu 600 masu injin lita 6.2 na 2021 zuwa 2024, ciki har da Escalade, saboda lahani da ka iya kashe injin ana cikin tafiya.

Wannan ya shafi mai saye a Kano ko Abuja kai tsaye, domin da yawa daga cikin waɗannan motoci ta hannun dillalai masu zaman kansu suke shigowa daga Amurka, kuma takardar kiranye ba ta bin mota ta ƙetare teku. Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17. Hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, tana da shafi a intanet inda ake saka lambar kyauta a ga ko akwai gyaran kiranye da ba a yi ba. Aikin minti biyu ne, a kan motar da farashin injinta kaɗai zai sayi wata motar.

Akwai kuma tarkon suna. Ba a sayar da Land Cruiser 300 a Amurka. Motar da ake kira Land Cruiser a can tun 2024 ita ce samfurin 250, wato Prado, mai silinda huɗu da taimakon batir. Mota ce mai kyau, amma ba ajinsu ɗaya ba, kuma bai kamata a biya mata kuɗin babbar ba.

Mai da taya

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, shan mai ya zama abin lissafi ko ga mai kuɗi. A ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka, Escalade mai jan ƙafa huɗu tana shan kusan lita 14.7 a kowane kilomita 100, LX 600 kuma kusan lita 12.4. Ga wanda ke yin kilomita dubu 20 a shekara, tazarar ta kai lita 460. Waɗannan alƙaluman gwaji ne. A cunkoson gari, da na'urar sanyaya mota a kunne da direba yana jiran maigida awa biyu inji na aiki, duk sun fi haka sha.

Ingancin man ma abin dubawa ne. Masu ƙera yawancin waɗannan motoci suna so a zuba musu fetur mai daraja ta sama, alhali galibin gidajen mai a Najeriya nau'i ɗaya suke sayarwa. Kwamfutar inji takan daidaita kanta don kare shi, amma ta hanyar rage ƙarfi.

Sai wili. Yayi ne yanzu a saka mai inci 22, sababbin Escalade da Navigator ma har da 24. Gwargwadon girman wili, gwargwadon sirancin robar taya, kuma robar ce ke fara karɓar duka idan an faɗa rami. Wili mai inci 18 ko 20 ba ya ɗaukar ido a wajen ɗaurin aure, amma shi ne ke kai mutum gida ba tare da fashewar taya a inda bai kamata a tsaya ba. Haka batun jakunkunan iska da Range Rover da GLS da X7 ke zaune a kansu a madadin sifirin na ƙarfe. Su ne sirrin laushin tafiyarsu, su ne kuma ke fara yoyo idan shekaru sun ja, har a wayi gari mota ta durƙusa a gefe ɗaya. LX ma ba ta tsira gaba ɗaya ba: yawancinsu suna da tsarin ɗaga mota da sauke ta mai aiki da ruwan mai, wanda shi ma yana da ranarsa.

Idan maganar fili ce, babu gasa. Doguwar Escalade, wadda ake kira ESV, ta kai kusan mita 5.8, LX kuwa kusan mita 5.1. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya a Land Cruiser tana nan a milimita 2,850 tun samfurin 80 na farkon shekarun 1990, da gangan, don kada cikinta ya riƙa taɓa ƙasa a tudu. Sakamakon shi ne kujerun layi na uku a LX na yara ne, kuma idan an buɗe su but ɗin ya kusa ƙarewa. A Escalade da Navigator babban mutum yana zama a baya ya miƙe ƙafa, akwatuna kuma su samu wuri. Mai iyali da yawa da ba ya barin kwalta yana da hujjar zaɓen ta Amurka, muddin ƙofar gidansa da layin unguwarsu za su ɗauke ta, kuma ya yarda cewa wani kayan gyaran sai an jira shi daga waje.

Ga wanda ke yawan tafiya nesa da manyan birane kuwa, ma'auni ya fi karkata ga Land Cruiser da LX, saboda kayan Toyota da masu gyaranta sun fi yaɗuwa, kuma shi ya sa suka fi riƙe daraja idan an tashi sayarwa. Range Rover da GLS da X7 sun fi dacewa da wanda ke zaune kusa da wakilin kamfani mai na'urar binciken kwamfuta, wanda kuma zai rabu da motar kafin garanti ya ƙare. Sayen irinsu ta hannu mai shekara takwas don ta yi araha shi ne inda mutane suka fi ƙonewa, domin farashin mota yana faɗuwa amma na kayan gyaranta ba ya bin sa, kuma da dala ake sayo su.

Masu niyyar sanya wa mota sulke suna da ƙarin lissafi. Ƙarfe da gilashin da harsashi ba ya ratsawa suna ƙara ɗaruruwan kilo, don haka dole a ƙarfafa birki da sifirin da taya, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa masu wannan sana'a suka fi son motoci masu shasi. Shigo da mota mai sulke Najeriya kuma yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro.

Wani abin da takardun talla ba sa ambata shi ne mutanen da ke wajen motar. Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta wallafa bincike a 2023 da ya nuna cewa motocin da tsayin bonet ɗinsu ya haura inci 40, wato kusan mita ɗaya, sun fi yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100 idan aka kwatanta da masu gajeren gaba mai gangara. Dogon bonet yana bugun ƙirji maimakon ƙafa, yana kuma ɓoye ƙaramin yaro da ke tsaye dab da gaban mota. A garuruwan da yara da masu talla da 'yan acaɓa ke raba titi da motoci, kyamarar da ke nuna kewayen mota da birkin da ke kama kansa idan ya hango mutum sun fi babban allon cikin mota amfani. Ba kowane samfuri ke zuwa da su ba, musamman waɗanda suka ɗan kwana biyu, don haka sai an tambaya, an kuma gwada su kafin a biya kuɗi.