Kwafi Uku da Alƙali: Kare Guntun FPGA daga Burbushin Sararin Samaniya

FPGA wani guntun lantarki ne da ba a yanke masa aiki tun daga masana'anta ba, domin injiniya ne yake tsara yadda sassansa za su haɗu, kuma yana iya sake tsarin duk lokacin da buƙata ta taso. Kamfanin Xilinx na Amurka ne ya fara kai shi kasuwa a 1985. Yawancin irin waɗannan guntaye suna ajiye taswirar haɗinsu a ma'adana mai miliyoyin ƙananan gurabe, kowane gurbi yana riƙe da sifili ko ɗaya, kuma a nan rauninsu yake.

Idan burbushi mai ƙarfi daga sararin samaniya ya ratsa silikon da aka yi guntun da shi, yakan bar ɗan cajin da zai juya sifili ya koma ɗaya, abin da masana suke kira kuskure mai laushi saboda babu abin da ya ƙone ko ya karye. Tun a 1978 Timothy May da Murray Woods na kamfanin Intel suka nuna cewa hatta kwanson da ake rufe guntu da shi yana iya fitar da irin wannan burbushi, kuma a tsayin da jiragen fasinja suke tafiya, burbushin niyutiron ya ninka na doron ƙasa sau ɗaruruwa. A kwamfuta ta yau da kullum lamba ɗaya ce take gurɓacewa, amma a FPGA haɗin da'irar ne kansa yake sauyawa, ya ci gaba da ba da amsar banza har sai an sake rubuta gurbin.

Maganin da ya fi shahara shi ne a gina da'irar sau uku, a ba kowane kwafi aiki iri ɗaya, sannan wata ƙaramar da'ira mai matsayin alƙali ta ɗauki amsar da biyu suka yarda da ita. Dabarar ta girmi FPGA, domin John von Neumann ya wallafa tushenta a 1956, kuma kwamfutar rokar Saturn V ta yi aiki da ita. Sai dai alƙalin ma a kan silikon ɗaya yake zaune, shi ya sa ake ninka shi uku shi ma, a raba kwafin a sassa daban-daban na guntun don kada burbushi guda ya taɓa biyu.

Ninki ukun nan jinkiri kawai yake samarwa, domin ranar da kwafi na biyu ya lalace kafin a gyara na farko, rinjaye ya koma hannun masu kuskure. Saboda haka ake haɗa shi da shara, wato wata da'ira ta riƙa bin ma'adanar gurbi bayan gurbi, tana gwada ta da ingantaccen kwafi, tana gyara abin da ya juye ba tare da an kashe na'urar ba. Tsadar ba ƙarama ba ce, tun da fili da wutar da ake ci sukan haura ninki uku, don haka masu ƙera taurarin ɗan'adam sukan ninka sassan da suka fi haɗari kawai, musamman waɗanda suke maido da amsarsu cikin kansu, inda kuskure ɗaya zai yi ta zagayawa.