Me Ya Sa Injiniya Ke Duba Littafi Kafin Ya Yi Gini?

Jama'a, kowa a ƙasar Mafara, Bakura da Maradun ya san madatsar ruwa ta Bakolori. An gama ta a 1978, ga ta nan har yau tana tare ruwan Gulbin Sakkwato. Me ya hana ruwan ya ture ta? Lissafi ne, ba sa'a ba.

Mu ɗauki misalin igiyar guga. In guga ya cika, nauyinsa yana jan igiya, ita kuma sai ta ɗan miƙe. In nauyin ya fi ƙarfinta, ta tsinke. Haka itace yake, haka ƙarfe, haka kankare. Kowanne yana da iyakar nauyin da zai ɗauka.

Maginan gargajiya sun san wannan. Ba su ɗora azara a kan faɗin da ya wuce kamar ƙafa 6, don kada ta lanƙwashe. In ɗaki ya fi haka faɗi, sai su yi masa baka. Wannan sani a ka yake, daga uba zuwa ɗa.

Su injiniyoyi rubuta nasu suka yi. An gwada ƙarfe da katako da kankare har suka karye, aka rubuta iyakar kowanne. Wani malami a Amurka, Raymond Roark, ya tara irin wannan lissafi a littafi guda a 1938, ana kuwa amfani da shi har yanzu. Injiniya ba ya cewa "ina jin zai ɗauka". Littafi yake buɗewa ya duba.

Ga abu biyu daga irin waɗannan littattafai da za su amfane ka. Na farko, kankare yana jure danniya ƙwarai, amma ba ya jure ja. Shi ya sa ake sa masa rodi. A lintar ƙofa, ƙasanta ne ke miƙewa, don haka kada a rage rodin ƙasa. Na biyu, sai bayan kwana 28 ake auna ƙarfin kankare. A riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7.

In ƙungiyarku za ta gina kwalbati ko aji, ku nemi mai ilmin aikin. Ana koyar da aikin injiniya a Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara. Rage rodi don tsimin kuɗi wasa da rai ne.

Kai kuma da ke ajin yaƙi da jahilci, riƙe karatunka. Wanda ya iya karatu da lissafi zai ƙirga rodi, ya duba takarda, ba a cuce shi ba.